Kofin da ake ce "ba ya fashewa": yadda ake gane gilashi mai tauri da lissafin kuɗinsa

A rumfunan 'yan tangaran na babbar kasuwar Garwa, ko ta Marwa, ko ta Njamena, za a ajiye wa mai saye kofuna biyu masu kama kamar an tsaga kara, a ce masa wannan kuɗinsa kaza, wancan kuma ya ninka shi uku ko huɗu domin "ba ya fashewa". Babu gilashin da ba ya fashewa. Akwai dai wanda aka yi wa aiki don ya jure duka, akwai wanda aka haɗa don ya jure zafi, kuma biyun ba ɗaya ba ne. Yawancin asarar da uwargida da mai shayi da mai gidan abinci suke tafkawa daga nan take fitowa: an sayi na duka an ɗora masa aikin wuta, ko an sayi na zafi yara suna wurga shi cikin bahon wanke-wanke.

Ƙarfin gilashi a fatarsa yake

Gilashin yau da kullum, irin na kwalba da tambulan mai araha, kusan kashi 70 cikin 100 nasa yashi ne, sauran kuma soda da farar ƙasa. Ana narka su a zafin da ya kai wajen digiri 1,500, a zuba a mazubi, a bar shi ya huce a hankali. Irin wannan gilashi yana jure matsi ƙwarai, amma ba ya jure ja. A jikin kowane kofi akwai ƙananan karce da ido ba ya gani, kuma halinsu halin faso ne a diddige lokacin hunturu: muddin fata a matse take ba sa buɗewa, da an ja ta sai tsagar ta zarce ciki. Faɗuwa a kan siminti tana jan fatar kofi. Zuba tafasasshen shayi ma haka, domin cikin kofin yana ɗaukar zafi ya buɗe alhali bayansa yana nan da sanyi, sai cikin ya ja bayan. Gilashin da ba a yi wa komai ba yana iya tsagewa idan bambancin zafi tsakanin ciki da baya ya kai wajen digiri 40. Shi ya sa a sanyin asuba na watan Disamba da Janairu kofuna masu kaurin gindi suka fi tsagewa a teburin mai shayi, duk da mutane suna zaton kauri shi ne ƙarfi. Wajen zafi, kauri ƙara matsala yake yi, don zafin yana daɗewa kafin ya ratsa.

Duk dabarun ƙarfafa gilashi a kan abu biyu suke: ko a matse fatar tun daga masana'anta, ko a haɗa gilashin da ba ya buɗewa sosai idan ya ji zafi.

Gilashin tauri

Shi ne wanda ake rubuta wa *verre trempé* a kwali, ko *tempered*. Kalmar Faransancin tana nufin tsomamme, daidai da yadda maƙeri yake tsoma jan ƙarfe a ruwa don ya yi tauri, sai dai shi gilashi da iska ake yi masa. Bayan an gama ƙera kofin, a mayar da shi wuta ya haura digiri 600, sannan a hura masa iska mai sanyi ciki da waje lokaci guda. Fata ta riga ta sandare, tsakiya kuma tana hucewa daga baya tana tsukewa, sai ta jawo fatar ta matse ta har abada. Kafin wani karce ya buɗe, sai dukan ya fara cinye wannan matsin tukuna.

Kamfanin Duralex da aka kafa a 1945 a La Chapelle-Saint-Mesmin kusa da Orléans a Faransa shi ya yi suna da wannan aiki, kuma yana cewa kofunansa sun ninka na yau da kullum sau biyu da rabi wajen jure duka, suna kuma ɗaukar bambancin zafi har digiri 130. Kamfanin Arc da ke garin Arques, mai tambarin Luminarc da Arcoroc, shi ma yana yin irinsu, amma a kula: ba duk kayan da ke ɗauke da sunan Luminarc ba ne na tauri, sai wanda aka rubuta wa haka. Lambar da ake gani a gindin kofin Duralex kuwa lambar mazubin da aka zuba shi ce, ba ta nuna inganci ko shekara.

Wannan shi ne gilashin shayi, da ruwan ƙanƙara, da kunu mai zafi, da gidan da ke da yara. Aibinsa biyu, kuma ya kamata a san su kafin a biya kuɗi.

Na farko, ƙarfin ba ya wuce fata. Matsin yana shiga wajen kashi ɗaya cikin biyar na kaurin gilashin daga kowane gefe. Tsakiyar kuwa a jawe take kamar tsirkiyar baka. Ranar da giɓi ko karce mai zurfi ya ratsa fatar ya taɓa tsakiyar, kofin gaba ɗaya zai tarwatse ya zama ƙananan tsakuwoyi. Wannan ne dalilin abin da ke tsorata mutane har su fara zargin iska ko ido: kofi yana zaune a kanta da dare, sai a ji ɗas, ya watse babu wanda ya taɓa shi. Yawanci raunin da ya samu kwanaki ko makonni da suka wuce ne ya ci gaba da rarrafe. Wani lokaci kuma, amma ba kasafai ba, ƙwayar datti ce ta nikel da ta maƙale a ciki tun daga masana'anta, tana kumbura a hankali har ta fasa shi. Saboda haka kofin tauri da bakinsa ya yi giɓi, komai ƙanƙantarsa, a fitar da shi daga aiki a ranar. Kada a goge giɓin da dutse, kada a huda ko a yanka gilashin tauri. Ba ya karɓar gyara.

Na biyu, jure shayi mai zafi ba ya nufin jure wuta. Ba a ɗora kofin tauri a garwashi, ba a sa shi a tanderu.

Gilashin zafi

Sunansa borosilikat. Otto Schott ne ya fito da shi a garin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Corning na Amurka kuma ya kawo shi ɗakin girki a 1915 da sunan Pyrex. A cikinsa yashi ya kai wajen kashi 80, da sinadarin boron wajen kashi 13, kuma buɗewarsa idan ya ji zafi kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta gilashin yau da kullum. Tunda ba ya buɗewa sosai, ciki ba ya jan baya. Shi ake yi wa butar shayi ta gilashi, da kwanon gashi na tanderu, da kayan awon asibiti.

Sai dai idan ba a ƙara masa aikin tauri ba, faɗuwa ɗaya a kan tayil ta ishe shi, kuma fashewarsa dogayen ɓaraguzai ce masu kaifi kamar aska. 'Yan siraran kofunan nan marasa nauyi masu bango biyu, da ake yayi yanzu a kayan amare, yawancinsu borosilikat ne. Na falo ne da baƙi, ba na tsakar gida ba.

Game da sunan Pyrex akwai abin lura. Wanda ake yi a Châteauroux a Faransa borosilikat ne. Kayan girkin da ake yi a Amurka da wannan suna gilashin tauri ne na yau da kullum. Mai sayen na gwanjo ya juya gindin kwanon ya karanta ƙasar da aka yi shi. Kowanne ne ya samu, kada ya cire shi daga tanderu ya dire a kan siminti mai laima ko ƙarfe mai sanyi. A shimfiɗa busasshen tsumma ninki biyu ko katako. Kada kuma a zuba ruwa cikin kwanon da ya yi zafi don a rage ƙaurin ƙonewa, nan ne ya fi tarwatsewa.

Farin faranti da sauransu

Fararen farantan nan marasa nauyi, masu 'yan furanni a gefe, da ake cika kabad ɗin amarya da su ana ce musu tangaran, da yawansu ba yumɓu ba ne. Gilashi ne da aka yi wa farin jiki, ana kiransa opal, aka kuma yi masa tauri. Arcopal na kamfanin Arc, tun 1958, shi ne sunan da aka fi sani. Ana gane shi idan aka ɗaga shi a rana: haske yana ratsa shi, gindinsa kuma sumul yake ba shi da zoben nan mai kaushi da ake ji a gindin tangaran na yumɓu. Ba ya tsotsar mai, ba ya riƙe warin daddawa ko kifi, ya fi tangaran sauƙin nauyi, kuma dozin ɗinsa ba ta cin wuri. Ga gidan abinci mai zuba shinkafa da miya da rana, da wuya a samu abin da ya fi shi. Corelle, da Corning ya fitar a 1970, gilashi ne hawa uku da aka manne da zafi. Ya fi siranta, yana jure faɗuwa, amma ranar da ya fashe ɓaraguzansa siraru ne masu kaifi kuma suna tafiya nesa.

Akwai kuma wanda ake yi wa wankan gishiri. Ana tsoma gilashin cikin narkakken gishirin fotashiyam mai zafin wajen digiri 400, manyan ƙwayoyin fotashiyam su maye gurbin ƙananan na sodiyam, su cunkushe fatar. Wannan ce dabarar fuskar wayar hannu. Jamus ta Gabas ta yi kofuna da ita da sunan Superfest daga 1980 zuwa 1990. Aikin yana cin lokaci da kuɗi, don haka ba kasafai ake ganinsa a kayan cin abinci ba.

Gilashin da aka yi don a ɗora a kan wuta kai tsaye shi ne gilashin-tangaran, irin tukwanen Visions masu ruwan zuma. In ba a rubuta a jikin kwano cewa yana hawa wuta ba, a ɗauka ba ya hawa.

Gwaji a bakin rumfa

A fara da gindin kofi. Kamfanonin kirki suna zuba sunansu da ƙasarsu a jikin gilashin kansa, rubutun da yatsa ke ji. Takardar liƙi da kwali mai hoton tutar Faransa kowa yana iya bugawa.

Sai gwajin tabarau. A samu tabarau mai kashe ƙyalli irin na direbobi, wanda ake rubuta wa *polarisé*. A buɗe farin shafi a waya ko kwamfuta, a ƙara haske, a riƙe kofin a gaban fuskar, a kalle shi ta cikin tabarau ana juya tabaran a hankali. Gilashin tauri zai nuna zane-zane masu duhu da launuka kamar bakan gizo a ko'ina a jikinsa. Na yau da kullum zai fito kusan garau, ko da ɗan dishi-dishi a gindi kawai. Minti ɗaya ya isa, kuma mai sarin kwali goma bai kamata ya biya ba tare da ya yi shi ba.

Borosilikat kuma ana gane shi da rashin nauyi, da bakinsa da ba ya ɗaukar ruwan kore idan aka kalle shi ta gefe. A gida ana iya tabbatarwa: a tsoma shi cikin farin man girki, zai kusan ɓacewa daga gani, na yau da kullum kuwa gefensa zai ci gaba da bayyana.

Daga nan a bi bakin kowane kofi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ba na saman kwali kaɗai ba. A ɗaga shi a haske a nemi kumfa, da baƙin ɗigo, da farin ɗigo kamar tsakuwa. Mai ɗigo a mayar. A kifa shi a kan tebur a ga ko bakinsa ya zauna daidai. Abin da ba a so shi ne gwajin da wasu 'yan kasuwa ke yi na buga kofi da ƙasa don nuna ƙarfinsa. Gaskiya ne bai fashe ba, amma ya ɗauki rauni. Kada a yarda a sa wannan kofin cikin waɗanda za a ƙulle.

Kofi mai fenti ko ruwan zinariya har bakinsa a bar shi na ado. Wasu fentin gilashi suna ɗauke da dalma, leɓe kuma nan yake sauka. A zaɓi wanda zanensa ya tsaya ƙasa da baki da kamar faɗin yatsa biyu. Kwalaben kiristal masu nauyi da walƙiya ma akwai masu dalma kashi 24 ko fiye. Ba a barin zoɓo ko ruwan tsamiya ya kwana a ciki.

Me ya sa yake tsada, kuma yaushe tsadar take biya

Kayan Turai ta Duwala suke sauka, su hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, daga nan Garwa, Marwa, Kusuri, su haye gadar Ngeli zuwa Njamena, tafiyar wajen kilomita 1,800. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Kuɗin fiton da duwan ke karɓa kan kayan amfanin gida a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, yana kai kashi 30, harajin TVA da ake ɗorawa kan kayan saye a Kamaru kuma kashi 19.25. Kofin da ya iso tashar jiragen ruwa a kan yuro ɗaya, wato sefa 656, ya zama wajen 853 bayan fito, ya haura 1,000 bayan haraji, tun ba a sa kuɗin mota, da na 'yan dako, da asarar waɗanda suka fashe a hanya, da ribar mai sari da ta mai rumfa ba. Wanda ya san wannan lissafi ba zai yarda cewa kofin Faransa ne ake ba shi a farashin tambulan na yau da kullum ba. Na tauri da ake kawowa daga Sin da Dubai, ko ta iyakar Najeriya, sun fi sauƙi kuma akwai nagari a cikinsu. Gwajin tabarau ne zai raba gardama.

Kuɗin kofi ɗaya ba shi ne lissafi ba, kuɗin shekara ne. Ga misali, kowa ya cire waɗannan alƙaluma ya sa na kasuwarsa. Mai shayi yana aiki da kofi 12. Mu ɗauka na yau da kullum sefa 250 ne, kuma yana rasa huɗu a wata: ya sayi na farko 3,000, ya cike gurbi da 48 a shekara kan 12,000, jimla 15,000. Mu ɗauka na tauri 900 ne, kuma yana rasa ɗaya duk wata biyu: na farko 10,800, cikon shida 5,400, jimla 16,200. A shekarar farko mai arahar ne ya fi sauƙi. A ta biyu mai na yau da kullum zai sake kashe 12,000, mai na tauri 5,400 kawai, jimlar shekara biyu ta zama 27,000 da 21,600. Ƙa'idar ita ce: idan farashi ya ninka sau uku da rabi, dole kwanan kofin ya ninka fiye da haka kafin a ga riba.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, don ba su tambayi kansu ta wace hanya kofunansu suke ƙarewa ba. Idan fashewa ce, tauri yana magani. Idan kuwa yaro ne ke kai shayi shaguna da tasha kofi ba ya dawowa, ko gida ne da ake aron kaya duk suna da biki, na tauri yana ɓacewa daidai da na 250, asarar kuma ta ninka. Mai irin wannan sana'a ya ajiye na tauri ga masu zama a benci, ya aika mai araha waje. Kafin a canza kaya gaba ɗaya, a yi wata ɗaya ana rubuta abin da ya fashe da abin da ya ɓace, daban-daban.

A sayi siffa ɗaya da aka daɗe ana yi, mara zane, domin a samu ciko bayan shekara. Saiti mai fure na yayi, faranti biyu suka fashe sai sauran su zama marayu. A ƙara biyu a kan kowace dozin tun ranar saye.

Silba mara tsatsa ta fi kowane gilashi kwana, kuma ga yara ƙanana ita ce daidai, sai dai tana ƙona leɓe da shayi. Farantin melamin, wanda yake kama da tangaran amma roba ce mai tauri, ba a so ya ɗauki abin da ya haura digiri 70, domin da zafi yana sakin sinadarai cikin abinci. Miya daga kan wuta ta wuce haka, kuma ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci. Kwanon samira idan fentinsa ya ɓantare daga ciki tsatsa ta samu ƙofa.

Riƙo

Yashi ya fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu yashi yana kan 7, gilashi wajen 5 da rabi, don haka wanke kofi da yashi, ko da tokar da ba a tankaɗe ba, ko da soson ƙarfe, yanka fatar da aka biya kuɗi dominta ne. Ƙurar hunturu ma yashi ce: kofin da ya yi ƙura a ɗauraye shi tukuna, kada a goge shi a bushe. Soso mai laushi da sabulu sun isa. Dattin shayi da ya kama, a jiƙa minti 30 cikin lita ɗaya ta ruwan ɗumi da babban cokali ɗaya na bikarbonat. Farin dusar da ruwan rijiya ke bari kuma ruwan lemun tsami ko binigar ke cire ta, kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, minti 15.

Kada a tara kofuna da cokula da wuƙaƙe a baho ɗaya. Baki yana bugun baki, nan giɓi ke farawa. Kada a debi ƙanƙara da kofi, kada a fasa ta a cikinsa. Kofunan da ba a yi su don hawa kan juna ba kada a cusa su cikin juna. In biyu suka maƙale, a zuba ruwan sanyi a na ciki, a tsoma gindin na waje a ruwan ɗumi, a jira minti ɗaya a murɗa a hankali. Kada a sa wuƙa. Da asubar sanyi a ɗauraye kofi da ruwan ɗumi kafin shayin farko. Wanda ya fito daga firiza a bar shi ya sha iska kafin ya ga abu mai zafi, haka wanda ya wuni a ranar Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kada a cika shi da ƙanƙara nan take.

Wajen ɗauka a babur ko mota, faranti a tsaye ake jera su a gefensu kamar littattafai, da takarda tsakanin kowane biyu, a cushe kwalin har ya daina ƙara idan an girgiza. Kofuna kowanne a naɗe shi daban, a kifa.

Idan na tauri ya tarwatse, tsakuwoyinsa suna kai wa taku da yawa daga inda ya faɗi. A fitar da yara, a sa takalmi, a share daga bango zuwa tsakiya, a bi da jiƙaƙƙen tsumma ko takarda a zubar da ita tare da ɓaraguzan. A kakkaɓe tabarma a waje. Duk abincin da yake buɗe a kusa, tuwo ne ko miya ko garin da ake tankaɗe, a zubar da shi, domin ƙwayar gilashi a cikin abinci ba a ganinta.